Amsoshin Wasiƙunku: Motar 'Yan Kwana-Kwana, Motar Asibiti da Motar Shara

Assalamu alaikum. Tun da hunturu ya kama, yawancin wasiƙun da ke zuwa wannan fili daga sassan Jihar Kebbi sun karkata ga gobara da motocin da ake nema idan ta tashi. Na zaɓi wasu daga ciki, na taƙaita su saboda ƙarancin wuri, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba. Na haɗa da tambayoyi biyu a kan motar asibiti da motar shara, domin su ma motocin jama'a ne waɗanda ba a cika tunawa da su ba sai ranar da aka neme su aka rasa.

TAMBAYA: Malam, ni mai sayar da atamfa da shadda ne a wata kasuwa a nan jihar. Bara wuta ta kama layinmu cikin dare. Motar kashe gobara ta zo, amma ba ta cika minti goma tana feshi ba aka ce ruwa ya ƙare, ta juya ta tafi ɗebo wani. Kafin ta dawo shagona da na maƙwabtana sun ƙone ƙurmus, matasa kuma suka fusata suka jefe ta. Shin gaskiya ne da rabin tanki suke zuwa?

AMSA: Alhaji, ina yi maka jaje. Allah ya mayar maka da mafificin abin da ka rasa, ya kiyaye na gaba. Minti goman da ka ambata su ne suka ba ni amsar tambayarka, domin motar da ta yi feshi na kusan minti goma ba tare da tsayawa ba, alama ce ta cewa cike ta zo. Ina roƙonka ka bi ni cikin lissafin nan a hankali, domin rashin saninsa ya sa an zalunci ma'aikata da yawa.

Motar kashe gobara irin wadda aka saba gani a garuruwanmu tana ɗaukar ruwa tsakanin lita 2,000 zuwa 5,000. Mu ɗauki mai lita 4,000. Wannan daidai yake da jarka 160 mai lita 25, wato kurar mai ruwa 16 idan kowace tana ɗauke da jarka 10. Ga mai gida, ruwa ne da zai ishe shi da iyalinsa kwanaki. Amma babbar mesa guda tana fitar da lita 400 zuwa 500 a minti ɗaya, kuma dole ne ta fitar da haka, domin ruwan da ba shi da ƙarfi da yawa yana zama tururi tun kafin ya kai ga gindin wutar. Da mesa ɗaya, tankin zai ƙare cikin minti 8 zuwa 10. Idan aka buɗe biyu, cikin minti 4 ko 5.

Za ka ce, to me ya hana a ƙera ta da tanki babba? Nauyi ne ya hana. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka lita 10,000 tan 10 ne, nauyin buhun shinkafa 200 mai kilo 50, ban da nauyin motar kanta da tsani da mesa da ma'aikata. Motar da ke ɗauke da wannan lodi ba ta da saurin tashi, ba ta shiga lungu, tana nutsewa a yashi, tana kuma iya karya ƙaramin kwalbati. Shi ya sa masu ƙera waɗannan motoci ba su ɗauki tanki a matsayin babban abu ba. Abin da ya mai da ita motar kashe gobara shi ne famfon da ke jikinta, wanda ke iya tura lita 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya. Ruwan tanki na fara aiki ne kawai, domin a tare wutar kafin a haɗa motar da wata majiyar ruwa da ba ta ƙarewa. A biranen da aka tsara da wannan tunani, akwai bakin bututu na musamman a gefen titi wanda motar ke jona mesa a jikinsa ta yi ta aiki har wuta ta mutu. A garuruwanmu irin wannan bututu ya yi ƙaranci, kuma ko inda yake, ba shi da amfani idan ba ruwa a cikin layin a wannan sa'a.

Wani zai ce Allah ya hore wa Kebbi ruwa: ga gulbi a Argungu da Birnin Kebbi, ga Kogin Kwara a Yauri. Gaskiya ne, kuma motar tana iya zuƙo ruwa daga gulbi ko tafki. Sai dai sai ta samu hanyar da za ta kai ta dab da bakin ruwan, kuma famfo ba ya iya zuƙo ruwan da ya fi shi ƙasa da kimanin mita 7 ko 8, komai ƙarfin injinsa, domin nauyin iskar da ke danna ruwa zuwa cikin mesa yana da iyaka. Wannan ne ya sa rijiya mai zurfi ba ta yi mata amfani kai tsaye. Rijiyar burtsatse kuwa a hankali take ba da ruwa, ba ta iya ciyar da famfo mai wannan ƙishirwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shawarata ga ƙungiyar kasuwarku ita ce ku gina tankin ƙasa na siminti a inda mota za ta iya tsayawa kusa da shi. Rami mai tsawon mita 5, faɗin mita 5, zurfin mita 2, yana ɗaukar lita 50,000, wato ya cika motar da muka yi misali da ita fiye da sau 12. Burtsatse ta cika shi a hankali, a rufe shi da murfi saboda yara, kada kuma a taɓa ruwansa don wata hidima. Sannan ku duba hanyoyin cikin kasuwa. Faɗin motar ya kai mita 2 da rabi, tana bukatar hanya mai kusan mita 4 kafin ta wuce ta kuma yi aiki; idan tebura da rumfuna da kwantena sun cinye hanyar, sai ta tsaya a bakin ƙofa, a ja mesa mai nisa, ruwan ya isa da rauni. Ku san wanda ke riƙe da makullin kowace ƙofa da dare, ku kuma sa makashin lantarki guda ga kowane layi, wanda mai gadi zai kashe bayan an tashi. Gobarar babbar kasuwar Birnin Kebbi a watan Maris na 2016, da ta babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu na 2021, sun isa su sa kowace ƙungiyar 'yan kasuwa ta zauna a kan wannan magana.

Game da jifa kuwa, ba zan sassauta ba: laifi ne, kuma cutar da kai ne. Yawancin waɗannan motoci daga waje ake sayo su da kuɗi mai yawa, kayan gyaransu ma ba a samunsu a kowane gari. Gilashi ɗaya da aka fasa yana iya ajiye mota makonni, kuma a cikin makonnin nan gidan wanda ya yi jifan yana iya zama mai bukata. Wannan ba ya wanke gwamnati daga nauyin da ke kanta. Wajibi ne ta samar da tankokin ruwa masu bin motar a baya, da mai, da tayoyi, da isassun ma'aikata masu kayan kariya. Amma wurin neman wannan haƙƙi shi ne wajen wakilinku a majalisar jiha da shugaban ƙaramar hukuma, a rubuce, da sa hannun ƙungiya.

TAMBAYA: Malam, ni matar aure ce a Argungu, mai gidana kuma yawanci yana kan hanya. Idan wuta ta tashi, wace lamba zan kira? Kuma an ce mini sai an biya kuɗi kafin su fito.

AMSA: Hajiya, kashe gobara aikin gwamnati ne da ake gudanarwa da kuɗin jama'a, ba a ciniki a kansa kafin a fito. Kada tsoron biya ya sa ki jinkirta kira ko da minti ɗaya. Aikin ya daɗe a ƙasar nan: an fara shi a Legas a 1901 a ƙarƙashin 'yan sanda, sannan dokar 1963 ta tsayar da shi a matsayin hukuma mai zaman kanta. A yau akwai Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kowace jiha kuma tana da tata.

Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce ko babu kati a waya, kuma masu ɗauka su ne ke tura kiran ga 'yan kwana-kwana ko 'yan sanda ko asibiti. Lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ce, don hatsarin mota. Duk da haka, ki sa a karɓo miki lambar ofishin kashe gobara mafi kusa da ku, ki ajiye ta a waya, ki kuma rubuta ta a bango inda yara masu karatu za su gani, domin wayar da ke ɗauke da lambar tana iya kasancewa cikin ɗakin da ke ci.

Babban kuskuren da muke yi shi ne mu fara da bokiti, sai wuta ta gagara sannan mu tuna da waya. A lokacin ta riga ta kama rufi. A raba aiki: wani ya fitar da yara da tsofaffi, wani ya kashe lantarki daga mita, wani ya kira. Mai kira ya faɗi gari da unguwa, da wata alama da kowa ya sani kamar masallacin Juma'a ko makaranta ko gidan mai, ya faɗi abin da ke ci, da ko akwai mutum a ciki, da ko akwai tukunyar gas ko fetur a gidan. Sannan a tura mai babur bakin babban titi ya taro motar ya jagorance ta. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai domin yawancin lungunanmu ba su da suna, gidajenmu ba su da lamba, ko da yake jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba.

TAMBAYA: Ni ɗan kabu-kabu ne a Birnin Kebbi. Jiniya ta yi yawa a titi, har ba mu gane ta gaskiya. Dole ne in kauce wa kowace? Wani lokaci kuma mukan bi bayan motar gobara mu ga inda abin ya faru.

AMSA: Ɗan'uwa, kukanka yana kan hanya. Dokokin hanya sun keɓe jiniya ga wasu manyan masu riƙe da muƙamai ƙalilan, da kuma motocin gaggawa a lokacin da suke bakin aiki. Duk wanda ya sa ta ba bisa ƙa'ida ba yana rage mata kwarjini, yana kuma jefa rayuka cikin haɗari, domin ya koya wa mutane yin kunnen uwar shegu da ita. Amma kai da ke kan babur ba ka da lokacin tantancewa. Ka kauce tukuna. Ka rage gudu, ka koma hannun dama, ka tsaya idan da hali, kuma kada ka tsaya a tsakiyar mahaɗa ko a kan kwana. Bayan ta wuce ka ɗan saurara, domin sau da yawa akwai ta biyu ko tankar ruwa a bayanta.

Ka sani cewa direban motar gobara ba ya iya taka birki kamar yadda kake yi. Yana jan tan da yawa na ruwa, ruwan kuma yana tunkuɗa gaba duk lokacin da ya rage gudu, ko da yake an sa shinge-shinge a cikin tankin don rage hakan. Idan ka gitta gabansa, ko dai ya take ka ko ya kifar da motar. Bin bayanta kuwa ina roƙonka da abokan sana'arka ku daina. Baburan 'yan kallo su ne ke toshe lungun da motar za ta fita ta ɗebo ruwa, kuma babur ko mota da ta taka mesa mai cike da ruwa tana iya fasa ta a daidai lokacin da ma'aikaci ke tsakiyar hayaƙi yana dogaro da wannan ruwa. Idan kuna son taimakawa, kuma na san da yawanku masu taimako ne, ku tsaya a bakin layi ku hana ababen hawa shiga.

TAMBAYA: Malam, ina tuyar ƙosai a Yauri. Wata rana mai ya kama da wuta a kasko, 'yata ta watsa ruwa, sai wutar ta yi sama ta ƙone mata hannu. Ba ruwa ke kashe wuta ba? Kuma maƙwabcinmu yana ajiye jarkokin fetur a ɗaki yana sayarwa.

AMSA: Baba, Allah ya ba yarinya lafiya. Wuta tana rayuwa ne da abubuwa uku: abin da take ci, da zafi, da iska. Ruwa yana kashe wutar itace da kara da tufafi domin yana ɗauke zafin. Amma mai ya fi ruwa rashin nauyi, kuma man da ya kama wuta ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba. Idan aka zuba masa ruwa, ruwan yana nutsewa ƙasan kasko ya zama tururi nan take, kuma ruwa idan ya zama tururi yana kumbura kusan sau 1,700. Wannan tururi ne ke watso man mai ci sama da gefe. Maganin wutar kasko shi ne a toshe mata iska: a rufe shi da faifan ƙarfe ko babban murfi, a janye itacen ko a kashe gas, a bar shi a rufe har ya huce, kada kuma a ɗauke shi a yi waje da shi. Idan an ƙone, a yi ta zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti. Kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko manja ko gishiri.

Wannan dalili ne ya sa motar kashe gobara mai cikakken kaya take ɗauke da wani sinadari da ake haɗawa da ruwa ya zama kumfa. Kumfar tana kwantawa a kan fetur kamar bargo, ta raba shi da iska. Da a ce ruwa zalla aka fesa, fetur zai taso a kansa ya bi kwata yana ci, wutar ta yaɗu zuwa inda ba ta kai ba. Wutar lantarki ma ba a zuba mata ruwa sai an yanke wutar daga tushe, domin ruwa yana ɗaukar lantarki ya kai wa mai zubawa. Ga shago da gida da mota, ƙaramar tukunyar kashe gobara mai hoda ita ce ta fi dacewa, domin tana aiki a kan itace da mai da kayan lantarki. A riƙa duba allurarta, a kuma nufi gindin wutar da ita.

Maganar maƙwabcinku ba ƙarama ba ce. Abin da ke kamawa a fetur shi ne tiririnsa, wanda ke tashi ko a tsakiyar sanyin hunturu, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya ratsa ƙarƙashin ƙofa har ya kai ga murhu ko kaskon gawayi a wani ɗaki. Ki sa mai gidanki ko wani dattijo ya yi masa magana cikin mutunci, idan bai ji ba a kai ga mai unguwa. Sana'ar bumburutu tana ciyar da gidaje, amma ɗakin kwana ba wurin ajiyar fetur ba ne. Ku kuma ja kunnen samarinku a kan tankar mai da ta faɗi. A Majiya ta Jihar Jigawa, a watan Oktoba na 2024, sama da mutum 150 suka rasu. A mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, a watan Janairu na 2025, sama da 80. Mafi yawansu sun je kwasar mai ne. Babu motar kashe gobarar da ke iya riga irin wannan wuta, domin cikin ƙiftawar ido take lashe duk inda tiririn ya kai.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Aliero. Na ga hoton motar gobara ta filin jirgin sama, ta fi na gari girma, wasu kuma ba ja ba ne. Me ya sa ba a kawo su idan kasuwa ta kama?

AMSA: Ɗana, an ƙera su ne don wutar man jirgi. Suna ɗaukar ruwa mai yawa da kumfa, suna da bindigar ruwa a kan rufi wadda ke feshi tun motar tana tafiya, kuma ƙa'idar sufurin sama ta duniya ita ce su isa kowane sashe na titin jirgi cikin minti 3. Akan yi wa wasu fenti rawaya mai ratsin kore domin ya fi fita da dare. Filin jirgi kamar na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa ba ya karɓar jirgi sai da adadin kayan kashe gobara da ya dace da girman jirgin, saboda haka fitar da motar yana iya nufin dakatar da sauka da tashi. Faɗinta ma ba zai bar ta shiga layin kasuwa ba.

TAMBAYA: Malam, daga ƙasar Zuru nake rubutu. Matata ta yi doguwar naƙuda, muka nemi motar asibiti, aka ce tana nan amma ba mai, direba kuma ya tashi. A bayan a-kori-kura muka kai ta. Allah ya sauke ta lafiya, amma abin bai bar zuciyata ba. Mene ne amfanin motar?

AMSA: Malam, barka da arziki, Allah ya raya. Abin da ya same ka ya taɓa ni, domin jinkirin kai mai naƙuda asibiti yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a Arewa. Motar asibiti ta gaskiya ba mota ce mai gado da jiniya kawai ba. Ya kamata a samu tukunyar iskar numfashi a cikinta, da kayan tsayar da jini, da ruwan ƙari, da ma'aikacin lafiya da zai zauna tare da majinyaci, ta yadda jinya za ta fara tun a hanya. Sayen motar shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikin, kuma shi ne ake yi wa biki. Mai wuya shi ne kasafin mai da gyara na kowane wata, da direbobi masu karɓa-karɓa dare da rana, da hana mayar da ita motar aike ko ta ɗaukar gawa kaɗai.

Doka tana tare da kai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa. Akwai kuma dokar 2017 da ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, wadda mutanen yankinku da maƙwabtanku na Zamfara ya kamata su san da ita. Ka kai kokenka a rubuce ga kwamitin lafiya na mazaɓarku, domin a san wanda ke da alhakin man motar da jadawalin direba. Kafin a gyara, ku yi abin da wasu garuruwan Arewa suka yi tare da ƙungiyar direbobi ta NURTW: a ware direbobin tasha da suka amince a tashe su kowane lokaci saboda mai naƙuda, a raba lambobinsu gida-gida, a kuma tara ɗan asusun mai a hannun amintacce tun ciki yana wata bakwai.

TAMBAYA: A unguwarmu a Jega bola ta cika, motar shara ba ta cika zuwa ba, shi ya sa muke cinna mata wuta da yamma. Akwai laifi?

AMSA: Akwai haɗari babba, Malam, musamman a wannan lokaci da iska ke kaɗawa, komai kuma ya bushe. Wutar bola ba ta mutuwa da wuri. Tana ci a ƙarƙashi har tsakar dare, iska ta ɗauki tartsatsi ta kai kan danni ko rumbu ko tarin harawa. Hayaƙin leda da roba yana cutar da ƙirjin yara da masu asma, gwangwanin maganin sauro kuma yana fashewa a cikin wuta. Kwashe shara yana cikin ayyukan da tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma, don haka ku je a ƙungiyance, da mai unguwa a gaba, ku nemi a sa muku rana tsayayya a mako. Idan mota ta samu, ku tara sharar a wuri guda da za ta iya isa. Kada ku zuba a magudanar ruwa, domin sharar da ta toshe lambatu da rani ita ce ke shigo da ruwa gidaje da damina.

TAMBAYA: Malam, ina da makarantar allo a wani ƙauye a ƙasar Gwandu, almajirai sun kai sittin. Tsakaninmu da inda motar gobara take tafiya ce mai nisa. Tun da na ji abin da ya faru a Zamfara ban ƙara barci mai nauyi ba. Me zan yi?

AMSA: Allah ya gafarta Malam, wannan wasiƙa ita ce ta fi tsaya mini a rai. Abin da kake nufi shi ne gobarar da ta tashi cikin dare a wata makarantar allo a Kauran Namoda a watan Fabrairu na 2025, inda aƙalla yara 17 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kuma rashin barcinka alama ce ta cewa ka san nauyin amanar da ke wuyanka.

Zan faɗa maka gaskiya: a inda kake, mota ba za ta ceci wanda ke cikin ɗaki ba. Ɗakin zana ko na kara yana gama ci cikin mintoci kaɗan, kuma mafi yawan waɗanda ke rasuwa a gobarar dare hayaƙi ne ke kashe su tun suna barci, kafin harshen wuta ya taɓa su. Saboda haka duk dabararka ta koma ga abu biyu, hana wutar tashi da fitar da yara da sauri. Karan da ake tarawa don wutar karatun dare a ajiye shi nesa da ɗakin kwana, ta ɓangaren da iska ba za ta kaɗo wuta zuwa gare shi ba. Bayan an tashi daga karatu, gardi guda ya kashe wutar da ruwa, ya tona tokar ya tabbatar babu garwashi. Kada a shiga ɗaki da kaskon gawayi saboda sanyi, domin ko bai tayar da gobara ba, yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mai barci a rufaffen ɗaki. A nemi barguna daga iyaye da masu hali tun kafin sanyi ya tsananta. A maye kyandir da aci-balbal da fitilar sola.

Kowane ɗakin kwana ya kasance da ƙofa biyu, masu buɗewa ta waje, kuma kada a taɓa kulle yara ta baya da kwaɗo, komai tsoron ɓarawo ko na yawon dare. Babba guda ya kwana a bakin kowace ƙofa da tocila a kusa da kansa. A ajiye duro cike da ruwa da bokitan yashi a ƙofar kowane ɗaki. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai aiki da batir da ake maƙalawa a rufi, wadda ke ƙara mai ƙarfi da zarar ta ji hayaƙi. Ana samunta a shagunan kayan lantarki na manyan garuruwa, kuma ya dace ka roƙi wani mai hali ya saya wa makarantar a matsayin sadaka.

Sannan ka koya wa yaran fita. Ka zaɓi wuri guda a fili, kamar gindin wata bishiya, inda kowa zai taru. Ka nuna musu cewa idan ɗaki ya cika da hayaƙi da rarrafe ake fita, domin iska mai kyau tana ƙasa. Wanda tufarsa ta kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima. Wanda ya fita kada ya koma ɗaukar allo ko akwati. Ka haɗa kowane ƙaramin kolo da babban almajiri da zai riƙe hannunsa. Ku gwada wannan da rana sau biyu ko uku, sannan ku gwada da dare bayan sallar isha'i, kana riƙe da takardar sunayensu kana kira ɗaya bayan ɗaya a gindin bishiyar. Idan ka je gari, ka biya ofishin kashe gobara ka roƙi su turo ma'aikaci ya duba ɗakunan ya kuma yi wa gardawa bayani, domin wayar da kai yana cikin aikinsu, kuma ka karɓo lambarsu ka ba liman da mai gari.